Gwamnati da addini: me sashe na 10 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya hana, me ya bari?

"Assalamu alaikum Barista. Ni malami ne a wata sakandaren gwamnati a cikin garin Kaduna, ina koyar da darasin gwamnati. Kwanan baya gardama ta kaure a ɗakin malamai. Wani abokin aikinmu Kirista ya ce Najeriya ƙasar sekula ce, don haka bai kamata a ga kotun Shari'a ba, balle addu'a a asembili. Wani ustazu a cikinmu ya ce sekulanci kafirci ne tsagwaronsa, Musulmi ba zai taɓa yarda da shi ba. Ni kuma zan shiga aji yara su tambaye ni. Mene ne gaskiyar lamarin a doka? Kuma dimokuraɗiyya za ta yiwu ba tare da an ture addini gefe ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka shiga aji, domin abin da malami ya faɗa wa ɗan sakandare yakan bi shi har rumfar zaɓe.

In na fahimce ka, abu biyu kake nema. Na farko, me dokar ƙasa ta ce game da gwamnati da addini. Na biyu, ko mulkin zaɓe yana bukatar mutum ya cire imaninsa ya ajiye a bakin ƙofa kamar takalmi. Ta farkon sana'ata ce, shekara 27 ke nan ina aikin lauya a garin nan, daga kotunan Shari'a da na gargajiya har babbar kotu. Ta biyun zan faɗi ra'ayina da dalilaina. Hukuncin kafirci kuwa fatawa ce, tana da masu ita, ni iyakata doka da tarihi.

Abin da na fara lura da shi a labarinka shi ne abokan aikin nan naka biyu, duk da sun ɗaga wa juna murya, a wuri guda suka tsaya. Dukansu sun ɗauka sekulanci na nufin a share addini daga bainar jama'a. Ɗaya yana maraba da hakan, ɗaya yana tsoronsa. Kundin tsarin mulkinmu bai faɗi haka ba.

Kalma ɗaya, riguna iri-iri

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, tana nufin zamani ko al'amuran duniya. Turawa ba a ɗakin karatu suka gano ta ba. A da can addinin sarki shi ne addinin talakawansa, in ya sauya su sauya ko su yi ƙaura, kuma Katolika da Furotesta sun yi ta zubar da jinin juna har yaƙin da aka yi daga 1618 zuwa 1648 ya kusa ƙarar da wasu yankunan Jamus. Gajiya ce ta koya musu cewa takobin sarki ba ya shigar da imani zuciya. Sai a 1851 wani ɗan Ingila, George Holyoake, ya ɗauki sunan ya liƙa wa wata aƙida tasa, wadda ke cewa a tsara rayuwa da tarbiyya ba tare da komawa ga wahayi ba.

Tun daga nan kalmar take ɗauke da kaya biyu. Akwai aƙidar da ke cewa addini ba shi da ta cewa a rayuwar jama'a. Akwai kuma tsarin mulki da ke cewa gwamnati kada ta mallaki addini, kada ta fifita ɗan ƙasa a kan ɗan ƙasa saboda abin da yake bautawa. Abin da malamanmu suka karanta a littattafan Larabci da sunan almaniyya galibi na farkon ne, kuma da tarihin Turkiyya a gabansu: an rushe halifanci a 1924, an cire Musulunci daga matsayin addinin ƙasa a 1928, daga baya aka daɗe ana hana ɗalibai mata shiga jami'a da lulluɓi. Wanda ya san wannan tarihi in ya ji kalmar gabansa ya faɗi, ban ga laifinsa ba. Ustazun naku yana da dalili.

Sai dai ƙasashen da ke sanye da wannan suna ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Faransa ta raba gwamnati da coci a 1905, a 2004 ta hana ɗalibai sanya alamomin addini na fili a makarantun gwamnati, hijabi a sahun gaba. Amurka tun 1791 ta hana majalisarta kafa addinin ƙasa, amma kuɗinta na ɗauke da kalmomin dogaro ga Allah, kuma ɗan siyasa a can yana tinƙaho da cocinsa. Ingila kuwa tana da cocin gwamnati, sarki ne shugabansa, an ware wa bishop-bishop kujeru 26 a majalisar dattawa, kuma ba wanda ya ce ba dimokuraɗiyya take yi ba. Indiya ta saka kalmar a kundinta a 1976, amma Musulminta na aure da gado bisa dokar Musulunci. Ga Senegal a kusa da mu: kundinta ya kira ta ƙasar da ta raba addini da mulki, mafi yawan mutanenta Musulmi ne, shugabanta na farko Leopold Senghor ɗan Katolika ne da ya yi shekara 20 a kan mulki da goyon bayan halifofin ɗariƙu. Saboda haka in wani ya ce maka "sekula", tambaye shi irin ta wa yake nufi.

Abin da kundinmu ya ce

Ka ɗauki kundin 1999 ka karanta daga bango zuwa bango, ba za ka ga kalmar sekula ba. Abin da ke akwai shi ne sashe na 10, jimla ɗaya tak: Gwamnatin Tarayya ko ta wata jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati ba. Shi ke nan. Bai ce a hana addu'a ba, bai ce gwamna ya ɓoye carbinsa ba.

Kundin da kansa ya buɗe da cewa mun amince mu zauna a matsayin ƙasa ɗaya a ƙarƙashin ikon Allah, rantsuwar kama aiki kuma tana ƙarewa da neman taimakon Allah. Sashe na 275 ya ba kowace jihar da ke so damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, na 277 ya lissafa huruminta: aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Sashe na 280 ya ba da irin wannan dama ga kotun ɗaukaka ƙara ta gargajiya. Sashe na 288 ma cewa ya yi in za a naɗa alƙalan Kotun Ƙoli da na Kotun Ɗaukaka Ƙara a tabbatar akwai masana dokar Musulunci da masana dokar gargajiya a cikinsu. To ka ga abokin aikinka da ya ce kotun Shari'a ta saɓa wa tsarin mulki, da tsarin mulkin kansa yake jayayya.

Amma sashe na 10 ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana da 'yan rakiya biyu, kuma su ne haƙoransa. Sashe na 38 ya ba kowane mutum 'yancin addini, da 'yancin sauya shi, da 'yancin yin sa da yaɗa shi a ɓoye ko a fili. Sashe na 42 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi, ko a ba shi wata alfarma, don kawai addininsa. A kan sashe na 38 ne Kotun Ƙoli ta tsaya a watan Yunin 2022 ta ce ɗalibai mata Musulmi a makarantun gwamnatin Legas suna da ikon sanya hijabi. Ka lura da wannan sosai: 'yancin da ya kare hijabin 'yarmu a Legas shi ne dai ke kare yarinyar da ke sanye da gicciye a Zariya. Ba a yanka shi biyu a ɗauki rabi.

A ɓangaren siyasa kuma, sashe na 222 ya hana a yi wa jam'iyya rajista in sunanta ko tambarinta na nuni da addini ko ƙabila, kuma dole ƙofarta ta kasance a buɗe ga kowa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada. Ko ana bin wannan? Kai ma kana zuwa Juma'a a shekarar zaɓe, ka san amsa.

Yadda muka iso nan

Wannan tsari na rabi da rabi ba daga sama ya faɗo ba. Da Lugard ya ci Sakkwato a 1903 ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin mutane ba, aka bar kotunan alƙalai suna shari'a har ta manyan laifuka, sai dai an hana wasu hukunce-hukunce kamar yanke hannu. Gab da samun 'yancin kai, gwamnatin Sardauna a nan Kaduna ta gayyato kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat. Daga aikinsu aka sami kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Sheikh Abubakar Gumi ya shugabanta daga 1962. Ciniki aka yi: laifuka suka koma doka ɗaya ga kowa, aure da gado suka zauna a hannun Shari'a.

A majalisar tsara kundin mulki ta 1978 aka sake buɗe cinikin. An nemi kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya, aka ƙi, wakilai Musulmi suka fice daga zaure a watan Afrilu, sai da Janar Obasanjo ya sa baki. Abin da aka daidaita a kai shi ne kusan abin da muke da shi yau. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigar da Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ba tare da an yi shawara a fili ba, kuma tun daga lokacin kalmar sekula ta zama tutar ɓangare ɗaya, ƙin ta ya zama tutar ɗaya ɓangaren. Shekara guda bayan haka aka yi rikicin Kafanchan, a 1992 na Zangon Kataf.

Sai Zamfara. A watan Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta haɗa har da laifuka, wasu jihohi 11 suka bi wannan hanya kowace da salonta. Da maganar ta iso majalisar dokokinmu, ranar 21 ga Fabrairun 2000 garin nan ya kama da wuta. An rasa sama da mutum dubu, aka yi ramuwar gayya a kan 'yan Arewa a Aba da wasu garuruwan Gabas, a watan Mayu wutar ta sake tashi.

Ina ƙaramin lauya a lokacin. Aikin da ya fi yawa a teburina a 2000 da 2001 shi ne rubuta takardun cinikin gidaje. Musulmi yana sayar da gidansa na Television ko Sabon Tasha a wulaƙance, Kirista yana sayar da nasa na Rigasa ko Tudun Wada, wani lokaci ma musaya suke yi kai tsaye, kowa ya ba wa ɗan'uwansa makulli. Na ga dattijon da hannunsa ke rawa yana sa hannu a kan gidan da ya aurar da 'ya'yansa a ciki. Haka kogin Kaduna ya zama iyaka, har ake kiran tsallaken nan Makka, tsallaken can Urushalima. Duk lokacin da na ji wani yana wasa da wannan magana a Facebook, takardun nan nake tunawa.

Abin da Gwamna Ahmed Makarfi ya yi a 2001 ya cancanci ɗalibanka su san shi. An maye gurbin tsoffin kotunan yanki da kotunan Shari'a ga Musulmi da kotunan gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba, kotunan majistare da babbar kotu suka ci gaba da aikinsu ga kowa, aka kuma ƙirƙiro masarautu ga al'ummomin kudancin jihar. Bai hana rikicin Nuwamban 2002 ba, bai hana na bayan zaɓen 2011 ba. Amma gardamar kotu kanta ta lafa, domin ba wanda aka ja shi gaban shari'ar da ba tasa ba.

Ko dokokin laifuka na Shari'a sun dace da sashe na 10? Masu cewa sun dace suna kafa hujja da cewa majalisar jiha ce ta rubuta su kamar kowace doka, Musulmi kaɗai suka shafa, kuma ba a saka hukuncin ridda a ciki ba saboda sashe na 38. Masu cewa ba su dace ba suna nuna sashe na 42: mutum biyu su yi laifi iri ɗaya, hukuncinsu ya bambanta saboda addini. A watan Agustan 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce dokar laifuka ta Shari'a ta jihar Kano ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, alƙalai biyu suka rinjayi ɗaya, aka wuce da maganar Kotun Ƙoli. Ka faɗa wa yara hujjojin biyu yadda suke.

Wa ke riƙe da makulli?

Yanzu ga ra'ayina, kuma a matsayin Musulmin da ke son addininsa nake faɗa. Ina ganin sashe na 10 ya fi kare addini daga gwamna fiye da yadda yake kare gwamna daga addini.

A ce gobe an wayi gari an ayyana Musulunci addinin gwamnatin jihar Kaduna. Wa zai fassara shi? Ɗan Izala ko ɗan Tijjaniyya ko Ƙadiriyya? Ran da aka sami saɓani a kan Maulidi ko ƙabalu da sadalu, wa zai raba gardama? Gwamna ne zai naɗa mai rabawa, gwamna kuma ɗan siyasa ne da ke lissafin ƙuri'a. Masallacin da ya soki gwamnati sai a gano limaminsa ba ya kan daidai. Wannan ba hasashe ba ne. A zamanin Abbasiyawa halifa Ma'amun ya mayar da wata fahimta ta aƙida dokar gwamnati, kuma a kanta aka ɗaure Imam Ahmad bin Hambali aka yi masa bulala. An kuma ruwaito cewa da halifa ya so ɗora wa dukkan Musulmi littafin Imam Malik, shi Malik ɗin ne ya ƙi, ya ce sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da ilimin da ya isa gare shi. Mazhabarsa muke bi a kotunanmu, ya kamata mu ɗauki wannan ma daga gare shi.

Mu dawo gida. Da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓa ba. Abin da ya roƙa shi ne a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ba ina cewa Shehu ɗan sekula ba ne, daula ya kafa a kan Shari'a, kowa ya sani. Abin da nake nunawa shi ne ya san farashin kyautar sarki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malamin da gwamnati ke ba wa kujerar Makka da mota da buhunan shinkafar azumi, ranar da aka ƙi biyan ma'aikata albashi bakinsa yakan yi nauyi. Haka faston da ake kai wa Isra'ila da kuɗin jama'a.

Shi ya sa na goyi bayan matakin da gwamnatin El-Rufai ta ɗauka a 2015 na daina biya wa mutane kujerun aikin ibada daga baitulmali. Shirya tafiyar alhazai, da biza da masauki da likitoci, aikin gwamnati ne, kuma akwai hukumar alhazai ta ƙasa da aka kafa a 2006 da ta masu ziyara Kirista a 2007. Biya wa na kusa da gwamnati kuwa wani abu ne daban. Hajji na mai iko ne, kuɗin kuma na marar lafiyar da ke kwance a asibiti ba magani ne.

Amma ƙudirin dokar wa'azi na 2016, wanda ya nemi mai wa'azi ya karɓi lasisi, ban goyi bayansa ba, duk da na fahimci tsoron da ya haife shi. Mun ga Maitatsine, mun ga abin da ya fito daga Maiduguri, kuma sashe na 45 ya yarda a taƙaita 'yanci saboda tsaro da zaman lafiya. Wanda ya tunzura jama'a a kama shi a gurfanar da shi, dokar hakan tana nan tun 1960. Lasisi kuwa makulli ne, kuma makulli yana wucewa daga hannu zuwa hannu. Wanda ya ji daɗi yau don nasa ne ke riƙe da shi ya tuna Patrick Yakowa, Kirista, ya zauna a Gidan Sir Kashim, gidan gwamnatin jihar nan, daga 2010 zuwa 2012, kuma ba wanda ya san wa zai zauna nan gaba. Duk ikon da ba za ka so ka gan shi a hannun wanda ba naka ba, kada ka ƙera shi.

Nan ne ma'aunina yake, kuma a ofis na koye shi. A shekara ɗaya na riƙe fayil biyu. Ɗaya na wata majami'a ce a arewacin jihar da ta shekara da shekaru tana neman takardar mallakar filinta, kullum a ce a dawo. Ɗaya na jama'ar wani masallaci ne a wani gari na kudanci da aka hana su sake gina inda aka ƙona. Ba wanda ya rubuta musu "saboda addininku". Fayil ne kawai yake ɓata, ko mai sa hannu ya yi tafiya. Kalmomin da na rubuta a takardun koken biyu kusan iri ɗaya ne, sashen da na kafa hujja da shi ɗaya ne. Musulmin Kaduna mai rinjaye ne a Kawo, tsiraru ne a Kagoro, kuma ƙaninsa da ke sayar da albasa a Onica tsiraru ne ƙwarai. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Game da tikitin Musulmi da Musulmi, wanda aka yi a jihar nan a 2019 da 2023 da kuma tarayya a 2023, doka ba ta hana ba. Sashe na 14 ya nemi a kula da bambancin jama'a wajen kafa gwamnati, bai ce lallai mataimaki ya fito daga wani addini ba. Halal ne a doka. Ko hikima ce a jihar da ke da tabo irin namu, wannan masu ƙuri'a ne alƙalansa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tallata shi a kan mumbari kamar nasarar yaƙi, domin maƙwabcinka yana ji, kuma abin da yake ji shi ne an ce masa baƙo ne a jiharsa.

To dimokuraɗiyya na bukatar a ture addini gefe? A ganina a'a. Ɗan majalisa yana da ikon ya ƙi caca ko riba ko giya saboda imaninsa, ya kawo ƙudiri a kai. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fara sayar da sukuk a 2017 ana gina hanyoyi da kuɗin, Kirista da Musulmi na bin hanyoyin. Ranar Lahadi hutu ce, Sallah da Kirsimeti hutu ne. Abin da ake nema daga ɗan majalisar shi ne in dokar za ta hau kan kowa, ya kawo dalilin da wanda ba ya sallah tare da shi zai iya aunawa, ya kuma yarda in an kayar da shi a ƙuri'a.

Akwai inda doka takan tsaya ta bar mutane da halinsu. Na taɓa riƙe shari'ar gadon wani mutumin kudancin jihar da ya musulunta da girmansa, ya rasu ya bar 'ya'ya Musulmi da 'ya'ya Kirista, uba ɗaya. A fiƙihu wanda ba Musulmi ba ba ya gadon Musulmi, su kuma manyan 'ya'yan ba su yarda kotun Shari'a na da hurumi a kansu ba. Da an bi ta kotu zalla, da an shekara goma ana jayayyar wace kotu ce ma za ta saurara. Alƙalin ya ba da dama a yi sulhu. Aka raba gado yadda Shari'a ta ce, sannan waɗanda suka gada suka ɗebi wani kaso daga rabonsu suka ba 'yan'uwansu kyauta, aka rubuta aka sa hannu. Tun daga ranar nake ba duk mai iyali irin wannan shawara ya yi kyauta tun yana raye, ko ya rubuta wasiyya cikin sulusin dukiyarsa.

Maganar asembili

Wannan ce ta fi kusa da kai, kuma kundin ya yi magana a kanta kai tsaye. Ƙaramin sashe na 2 na sashe na 38 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addini, ko shiga wata ibada, ko halartarta ba, in ba ta addininsa ba ce ko ba wadda iyayensa suka amince da ita ba. Ƙaramin sashe na 3 ya bar wa makarantar da wata al'ummar addini ke ɗaukar nauyinta gaba ɗaya damar koyar da 'ya'yanta addininsu. Taku ta gwamnati ce, don haka na 2 ne ya hau kanku.

Addu'a a asembili ba haramun ba ce a doka. Tilasci ne haramun. In kuna da ɗalibai na addinai biyu, ko dai a ba kowane ɓangare ya yi tasa, ko a raba su na minti biyar kowa ya yi da malaminsa sannan a haɗu don sanarwa. Kada a duba yawa a ce ai su 'yan kaɗan ne, yaro ɗaya ma sashen ya kare shi. Kada a doki yaro don bai ɗaga hannu ba ko bai rufe ido ba. In an ware wa ɗalibai Musulmi wurin sallah, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta nemi aji don taronta, a ba su. In jarrabawa ta faɗo lokacin Juma'a a gyara, in an sa aikin makaranta safiyar Lahadi shi ma a gyara. Ku rubuta tsarin a takarda, ku kai taron iyaye da malamai a amince da shi, domin in shugaban makaranta ya sauya kada a koma gidan jiya.

A aji kuma, ka rubuta sashe na 10 a allo, ka rubuta na 38 da na 42 a ƙarƙashinsa. Ka ba yaran labarin fayil biyun nan ba tare da ka faɗa musu wanne ne na coci wanne ne na masallaci ba, ka ce su yanke hukunci. In sun gama sai ka faɗa musu. Ka gayyaci abokan aikin naka biyu su zauna a bayan aji ranar.